Ranar da Ukasha Ya Fasa Ganuwa

Akwai wani dattijo a garin Tiga, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, ana kiransa Malam Dauda. Yana yaro ruwan dam ya cinye ƙauyensu, aka kwaso su aka zube a sabon wuri. Bai gaji gona ba, bai gaji gida ba. Abin da ya tara da guminsa shi ne kwale-kwale ɗaya, da 'yar fadamar da yake noman rani, sai kuma suna mai kyau.

Sunan nan shi ne dukiyarsa. In masunta suka yi rigima a kan wurin zuba taru, wurinsa ake zuwa. In za a yi karo-karon gyaran injin ban-ruwa, a hannunsa ake damƙawa. Shi ya sa aka naɗa shi shugaban ƙungiyar masunta da manoman rani, kuma ba a taɓa neman canza shi ba.

'Ya'yansa biyu ne suka rayu. Babbar ita ce Bushira, tana aure a Ƙofa, tana koyarwa a firamare. Ƙaninta Ukasha ya karanta ilimin kwamfuta, ya samu aikin tsaron bayanai a wani kamfani a Kano.

Ukasha yana da aboki tun suna makaranta, sunansa Abdulmalik, ɗan Kafin Maiyaƙi. Kusan duk hutu a gidan Malam Dauda yake yi. Inna Delu, matar gidan, ta san yana son miyar kuka da busasshen kifi, in zai zo sai ta ajiye masa tarwaɗa mai kyau. Baba yake kiran Malam Dauda, kamar yadda Ukasha ke kiransa.

Abdulmalik yana da kai, ba a raina masa wannan. Amma bakinsa ya fi kansa gudu, kuma ya tsani a gyara masa.

A shekarar da harkar kirifto, wato kuɗin intanet, ta cika gari, har masu shayi suna danna waya suna jiran arziki, sai ga Abdulmalik a Tiga cikin mota mai sheƙi. Ya gaida Malam Dauda har ƙasa, ya roƙi a tara masa 'yan ƙungiya a bakin ruwa.

Da aka taru, ya ce, "Iyayena, na zo muku da gargaɗi ne. A ƙasashen waje ana ƙera wata na'ura, kwamfutar kwantam. Ranar da aka gama ta, duk wani kwaɗon sirri da ke tsare kuɗi a banki da waya, za ta ɓalle shi kamar yaro ya ɓare gyaɗa. Ni kuwa na ƙera kwaɗon da ya fi ƙarfinta. Na ɗora shi a kan sabon kuɗin intanet, sunansa Ganuwa. Wanda ya shiga yanzu, kafin duniya ta farga, shi ne mai arzikin gobe."

Mutanen da ruwa ya taɓa kwashe musu komai a rana ɗaya ba sa wasa da maganar asara. Kowa ya juya yana kallon Malam Dauda.

Da Ukasha ya ji labari, ranar Asabar ya taho gida.

Ya ce, "Baba, kada ka sa sunanka a wannan abu. Gaskiya ne masana suna tsoron wata rana na'urar nan za ta iya karya wasu makullan da ake amfani da su yau. Amma ranar ba ta zo ba. Kuma sababbin makullan da ake shiryawa, a fili ake baje su, masana na duniya su yi shekaru suna ƙoƙarin fasawa kafin a yarda da su. Shi kuwa nasa a ɗaki ya ƙera, ya hana kowa gani. Na san kwaɗon nan tun muna makaranta, na gaya masa akwai rami a ciki."

Malam Dauda ya yi murmushi ya ce, "Ukasha, yaron nan a gidan nan ya ci tuwo. Zai cuci wani, amma ba ni ba."

Ukasha ya kira abokin nasa a waya. Abdulmalik ya ƙyale shi ya gama, sannan ya yi dariya.

"Ka san matsalarka? Kai ɗan albashi ne. Tun a aji kake baƙin ciki da ni. Ka zauna ka ci gaba da gadin dukiyar wasu."

Ya kashe wayar.

Malam Dauda ya sayar da tumatirinsa na shekarar ya saya. Abdulmalik ya ɗauke shi a bidiyo yana cewa, "Ni na shiga." Bidiyon nan ya zaga Bebeji da Kiru. Masunta suka sayar da koma, manoma suka sayar da buhunan da suka ɓoye, mata suka kwashe adashi. Ba don sun gane kwantam ba. Don sun ga fuskar Malam Dauda.

Wata da watanni lambobi suna hawa a wayoyin mutane. Ana nan, wata safiya aka wayi gari Ganuwa ba ta da darajar ko ƙullin gishiri.

Kafin mutane su gama salati, sai ga saƙon murya daga Abdulmalik yana yawo, yana magana kamar zai yi kuka.

"Jama'a, ni ma an cuce ni. Na amince da dattijon da nake kira Baba, na ba shi mabuɗin baitulmali. Shi ya janye komai, shi ya karya darajar. Ku tambaye shi."

Ranar ba a fita kamun kifi ba. Aka tarar da Malam Dauda a bakin ruwa yana ɗinkin koma. Sha'aibu, mataimakinsa a ƙungiya, wanda suka yi shekara da shekaru suna cin abinci a akushi ɗaya, shi ya fara cin kwalarsa.

"Tsohon banza! Ashe furfurar nan ta ɓarayi ce? Fito mana da dukiyarmu!"

Malam Dauda ya rantse, ba a saurare shi ba. Matasa suka sa gatari suka farfasa kwale-kwalensa yana kallo. Aka tuɓe shi daga shugabanci a take. Ranar Juma'a ya shiga sahu, wanda ke damansa ya matsa, na hagunsa ma ya matsa.

Ukasha ya zo da kwamfutarsa, ya yi ƙoƙarin nuna musu. Ya ce irin wannan kuɗi a kan wani kundi yake tafiya, wanda ake kira bulokcen. Ba mutum ɗaya ke riƙe da shi ba, kwamfutoci ne barjat a faɗin duniya, kowacce da kwafinta. Duk abin da ya motsa sai an rubuta, kuma ba ya gogewa. Ya nuna musu cewa babansa bai taɓa cire ko sisi ba.

Sha'aibu ya ce, "Ɗansa ne kai, me za ka ce? Mu lambobi za mu ci?"

Ba a jima ba jinin Malam Dauda ya hau, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye. In ya so magana sai hawaye. Gidan da a da ba a rasa takalma a ƙofarsa ya zama kamar kango. Mace ɗaya ce ba ta ɗauke ƙafa ba, Turai mai suyar kifi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Ita ma ta sayar da injin ban-ruwan da ya bari ta zuba a Ganuwa. Duk da haka kullum sai ta kawo kunu, ta zauna ta ce, "Malam, ni dai ban yarda ba. Allah zai bayyana."

Kafin damina ta sauka Malam Dauda ya cika. A jana'izarsa sahun farko ma bai cika ba.

Ukasha bai yi kuka ba. Ya tsaya a kan kabarin har kowa ya watse, yana kallon hanyar gari, yana lissafa fuskokin da ba su zo ba. A nan ya ƙulla abin da ya ƙulla.

Ya koma Kano wani mutum daban. Ya daina zaman majalisa, ya daina kallon ƙwallo. In ya tashi aiki sai ya buɗe kundin nan ya bi sawu. Ya ga yadda Abdulmalik ya juya kuɗin mutane zuwa kirifto na gaske mai daraja, ya yi ta yawo da shi daga wannan adireshi, wato asusun kirifto, zuwa wancan kamar ɓarawon akuya mai ɓad da sawu, daga ƙarshe ya tara shi wuri ɗaya.

Da Ukasha ya duba wurin da kyau, sai ya yi wata dariya marar daɗi. Abdulmalik ɓarawo ne, amma ya yarda da ƙaryar kansa. Mabuɗin asusun da ya tara dukiyar, da manhajarsa ya ƙera shi, wadda yake taƙama da ita.

Ramin da Ukasha ya gani tun suna makaranta yana nan. Mabuɗi na ƙwarai ana zaɓo shi ne daga cikin adadin da ya fi yashin duniya yawa, yadda ba mai iya canka. Manhajar Abdulmalik kuwa daga ɗan ƙaramin tari take ɗebowa, kamar maƙerin da ya cika kasuwa da kwaɗuna alhali mabuɗansu 'yan kala kaɗan ne. Ba a bukatar wata kwantam. Haƙuri kawai ake bukata, da zuciyar da ba ta huce ba.

Ukasha ya yi hayar manyan kwamfutoci ta intanet da albashinsa, ya sa su gwaji. Damina ta wuce, kaka ta shigo. Wata rana da hantsi yana ofis, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba. Mabuɗin ne.

Mutum ɗaya ya gaya wa, yayarsa Bushira. Ita ma ba ta zauna ba tun rasuwar. Ta bi gida-gida ta lallashi wasu daga cikin waɗanda aka cuta, ta samo lauya, sun kai ƙarar Abdulmalik, maganar tana ta jan ƙafa.

Da ta ji, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Alhamdu lillahi! Gobe mu je wurin lauya. A sa hukuma a ciki, a ƙwato, a tara mutane a ƙofar masallaci a ba kowa nasa. Ka ga sunan Baba ya wanku."

Ukasha ya ce, "A ba wa? Sha'aibu? Ko waɗanda suka sa gatari a kwale-kwalen?"

"Haƙƙinsu ne, Ukasha."

"Yaya, shi Baba ba shi da haƙƙi? Shekara nawa yana musu bauta? Saƙon murya ɗaya ya ishe su su kira shi ɓarawo. Ke ba ki ga sahun jana'izar ba, ni na gani."

"An cuce su ne, hankalinsu ya gushe. Wanda ya rasa abincin 'ya'yansa ba ya tantance fari da baƙi. Ka bar su da kunyarsu, ta ishe su."

"Ba ta ishe ni ba."

Bushira ta kama hannunsa ta ce, "Don girman Allah kada ka yi komai kai kaɗai. Zuciya mugun nama ce. Ka yi mini alkawari."

Ya zare hannunsa ya ce zai yi tunani.

Shi kuwa Abdulmalik, tunda laifi ya bi mamaci kabari, sai ya wanke fuska ya sake fitowa. Wannan karon ya nufi manoman masara na Tudun Wada da Doguwa, daidai lokacin da suka yi girbi aljihu ya yi nauyi. Ya sa wa abin suna Sabuwar Ganuwa, ya sa ranar ƙaddamarwa a Tudun Wada.

Ranar aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, janareto yana ruri, maroƙi yana wasa shi. A gaba an kafa ƙaton allon talabijin, yana nuna asusun nan da abin da ke cikinsa, kai tsaye daga kundin.

Ukasha ya zo bayan azahar, ya zauna can baya da wayarsa a hannu. Har lokacin bai gama yanke shawara ba. Ya ajiye adireshi biyu a wayar. Ɗaya sabon asusu ne mai tsaro, inda zai iya killace dukiyar ya miƙa wa hukuma. Ɗayan kuwa irin adireshin nan ne da ba shi da mabuɗi, ba a taɓa ƙera masa ba. Abin da ya faɗa ciki ya faɗa rijiya gaba dubu. Masu harkar suna kiran wannan ƙonawa.

Abdulmalik ya hau mumbari cikin farar shadda. Ya nuna allon ya ce, "Ga jarin kamfani, kowa ya gani da idonsa. Wancan karon amana ce ta karya mu, wani tsoho da na ɗauka uba. Amma kwaɗona ba a taɓa fasa shi ba. Ina faɗa a gaban kowa, Bature ko Basine, mai kwantam ko mai tsafi, duk wanda ya iya buɗe asusun nan ya kwashe, na halatta masa!"

Aka ɗauki tafi. Ukasha ya ɗaga kai, sai idonsa ya faɗa kan wani a sahun gaba, yana tafi har da miƙewa. Sha'aibu ne. An yi masa alkawarin za a mayar masa da asararsa in ya kawo mutane.

Ukasha ya ɗauke ido daga kansa. Ya miƙe.

"Abdulmalik!"

Mutane suka waiga. Abdulmalik ya hango shi, fuskarsa ta ɗan canza, amma ya yi maza ya murmusa.

"A'a, jama'a, ga ɗan tsohon nan da nake ba ku labari. Ka zo neman gafara ne?"

"Na zo in ji da kyau ne. Ka ce ka halatta?"

"Na halatta! In ka isa."

"To, juya ka kalli allonka."

Ukasha ya sunkuyar da kai. Yatsansa ya tsaya a kan adireshin farko. Ya tuna hawayen babansa, ya tuna ƙarar gatari a jikin katako. Ya gangara kan na biyu, ya danna.

Ba a ɗauki lokaci ba lambobin da ke kan allon suka juye. Sifili.

Abdulmalik ya yi dariyar yaƙe ya ce matsalar sabis ce. Ya zaro wayarsa, ya danna, ya sake dannawa. Gumi ya keto masa. Lasifikar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi da ƙara.

Ukasha ya ratsa mutane har gaban mumbari, ya ɗauki lasifikar.

"Sunana Ukasha, ɗan Malam Dauda na Tiga. Abin da kuka gani a allon nan ba jarin kamfani ba ne, gumin masunta ne da ya sace, ya laƙa wa ubana har baƙin ciki ya kashe shi. Kwaɗon da ya ce kwantam ba ta iya fasawa, ni na fasa shi da kwamfutar haya. Wanda ya kawo kuɗin masararsa ya mayar aljihu."

Ya juya ga Abdulmalik, wanda ya durƙushe yana riƙe da ƙafar tebur.

"Tuwon gidanmu da ka ci, yau ya fito maka."

Wuri ya hargitse. Ba don 'yan sandan da ke gadin taron sun yi saurin jefa Abdulmalik a mota ba, da ba a san abin da zai faru ba. A hannun hukuma bai yi wuyar magana ba. Ya amsa cewa Malam Dauda bai taɓa riƙe wani mabuɗi ba, bai ci ko ƙwandala ba. Motar da gidan da ya fara ginawa duk na bashi ne, masu su suka zo suka karɓe. Waɗanda suka ɗauki abin a waya suka watsa, kafin magariba bidiyon ya kai Tiga.

Ukasha ya kwana biyu yana jin wani sanyi a ransa. Ya kalli bidiyon ya fi a ƙirga, musamman wurin da lasifikar ta faɗi. Bushira ta yi ta kiransa, bai ɗauka ba.

Ranar Juma'a ya je gida. Yana zaune a tsakar gida da Inna Delu da Bushira bayan an sauko daga masallaci, sai suka ji sallama. Ya leƙa. Ƙofar gidan cike take da mutane har bakin hanya, ga liman a gaba.

Liman ya ce, "Ukasha, mun zo ne da kunya. Mun zalunci bawan Allah, ya tafi ba mu nemi gafararsa ba. Yau a masallaci an yi masa addu'a, an yi kuka. Mun zo mu roƙi iyalinsa."

Sha'aibu ya fito daga cikin mutane, ya cire hularsa, ya zube a ƙasa. Dattijo da jikoki, yana kuka kamar yaro.

"Ni na fara ci masa mutunci. Ka taka ni in kana so. Mun kira ubanka ɓarawo, kai kuma ka je ka ƙwato mana haƙƙinmu. Wallahi ɗan halak ya fi ƙarfin a biya shi."

Matasan da suka fasa kwale-kwalen suka ce sun riga sun yi magana da mai sassaƙa, za su yi sabo su kawo.

Sai Turai ta matso, fuskarta cike da fara'a. Ta ce, "Ban gaya muku Allah zai bayyana ba? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ni ba gaggawa nake ba, amma mai injin nan ya ce zai sayar mini da abina in na kawo kuɗi kafin a fara rani. Yaushe za a raba?"

Ukasha ya kawar da kai. Bushira da ke bakin zaure ta zuba masa ido. Tun kafin ya yi magana ta gane, ta dafa bango.

Ya ce, "Babu abin da za a raba."

Liman ya ce, "Suna hannun hukuma ke nan?"

"Ba sa hannun kowa. Na tura su inda ba mai iya ɗaukowa. Na ƙone su."

Wani ya ce a kira kamfanin a ba su haƙuri. Ukasha ya ce babu kamfani. Wani ya ce kotu ta ba da umarni a dawo da su. Ya ce kundin ba ya jin umarnin kowa, abin da aka rubuta ya rubutu.

Turai ta ce a hankali, "To, ita na'urar nan da ake faɗa, mai fasa kowane kwaɗo? In ta zo ba za ta buɗe ba?"

Ukasha ya kasa kallonta. Ya ce, "Iya, da gangan na zaɓi ramin da ba na jin ko ita za ta iya tonowa."

Turai ta daɗe tana kallonsa. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ni ma ka haɗa da ni ke nan." Ta juya ta tafi.

Sha'aibu ya tashi daga ƙasa, ya kaɗe gwiwarsa, ya mayar da hularsa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɗaga murya. Da sun yi ihu ma da ya fi masa sauƙi.

Ya koma cikin gida. Inna Delu tana zaune inda ya bar ta, ta ji komai.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, saboda Baba na yi."

Ta girgiza kai.

"Kada ka ƙara sa sunansa a ciki. Saboda zuciyarka ka yi. Abdulmalik ɓarawo ne, amma ɓarawo ana kama shi a ƙwace. Kai ka yi abin da ko ɓarawon bai yi ba."

A nan ne Ukasha ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba.

Abin bai tsaya nan ba. Hukuma ta gayyace shi, domin dukiyar da ya ƙone ba ta Abdulmalik ba ce balle ya halatta, kuma ita ce hujjar da ake shari'a a kanta. Kamfanin da yake wa aiki suka sallame shi, suka ce ba za su ba mai irin wannan zuciya amanar sirrinsu ba. Shi da Abdulmalik yanzu kotu ɗaya suke zuwa, kowa da tasa tuhumar, wani lokaci a benci ɗaya ake zaunar da su.

Turai ba ta samu injin ba. Ta kwashe marayunta ta koma wurin 'yan'uwanta a Ɗansoshiya. Ukasha ya je har can neman gafara. Ta ba shi ruwa ya sha, ta ce ta yafe nata, amma na marayu ba ita ke da ikon yafewa ba.

Dukiyar kuwa tana nan. Duk mai waya a Tiga zai iya buɗe kundin ya gan ta, cif yadda take, ba ta ragu da komai ba. Masunta sukan buɗe su duba in sun dawo daga ruwa hannu wofi. Su kalla, su kashe wayar, su mayar aljihu.

Darasi: Wanda ya ci amana ya kuma yi girman kai, ƙarshensa kunya, ko da ya daɗe yana shan tafi. Amma kai da aka zalunta, ka kula da hannunka a ranar da Allah ya ba ka iko, domin ramuwar da aka yi cikin fushi ba ta tantance mai laifi da marar laifi, kuma akwai aikin da in ka danna shi ba ya dawowa. In gaskiya ta zo hannunka, ka mayar da haƙƙi ga masu shi, ka bar hukunci ga hukuma da Mahalicci. Sannan kada tsoron wata sabuwar na'ura ko ganin fuskar mutumin kirki ya sa ka zuba guminka a abin da ba ka fahimta ba. Ka tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yatsansa ke kan madanni yanzu, yana bukatar ya karanta wannan kafin ya danna.